Tsagar da Tsaf Ya Shafa wa Fenti

Duk wanda ya san Tsaf ya san taraktarsa, wasu ma taraktar suka fi sani. Ja ce, watanta goma sha ɗaya a hannunsa, amma in ka gan ta a rumfar da ya kafa mata a gefen gida sai ka rantse jiya aka sauke ta daga mota. Sunan ma a wajen aikin ya samo shi. Shekara ashirin da biyu ya yi yana tuƙa taraktocin mutane, kuma kowacce aka ba shi, komai tsufanta, sai ya mayar da ita tsaf. Da ya samu tasa ta kansa sai abin ya zama ciwo. Tsumma uku gare shi: na fitilu, na jiki, na ƙarƙashi. Yana da tsohon buroshin haƙori na shiga tsakanin notuna. Sannan akwai gwangwanin jan fenti da wani ɗan siririn buroshi, duk inda ƙaya ko dutse ya karce ta, kafin rana ta faɗi ya bi ya shafe.

Matarsa ta daina magana tuntuni. Ƙanwarsa ce ba ta daina ba. Auta suke ce mata har yanzu, duk da ta aurar da 'ya'ya biyu.

"Yaya," in ji ta, "da rabin kulawar nan ka ba haƙoranka, da yanzu kana tauna ƙashi."

"Haƙora ba su zo da garanti ba," in ji shi, yana ci gaba da gugarsa.

Gonar da mahaifinsu ya bar musu su biyu tana cikin kwari, a bakin rafi. Laka ce baƙa mai albarka, amma tana da sharaɗinta. Kafin ruwan farko ta fi siminti tauri, garma ba ta kama ta. In kuwa aka yi babban ruwa rafi ya tumbatsa, sai ta zama taɓo, taraktar da ta shiga sai an zo da wata a ja ta. Tsakanin waɗannan biyun kwana goma sha biyu ne, sha huɗu in shekara ta yi kirki. Wanda ya huɗa a cikinsu ya ci masara, wanda ya rasa sai baɗi. Auta ta riga ta sayi iri, buhunan suna jingine a falonta, ta hana jikokin maƙwabta zama kusa da su.

Ranar Lahadi aka yi ruwan farko. Ranar Talata Tsaf ya shiga gona. Ya yi layi biyu lafiya lau, ƙasa na kifewa tana ƙamshi. A ƙarshen na uku ya ɗaga garma zai juya, sai ya ji wani ƙas a ƙarƙashin kujerarsa, kamar an karya busasshen reshe, garmar ta faɗi ƙasa da kanta.

Ya kashe inji ya sauko. A bayan tarakta, daidai ƙarƙashin kujera, akwai wani murfin ƙarfe mai kauri, daga nan hannaye biyun da ke ɗaga garma suke fitowa. Direbobi ƙugu suke ce masa. Ƙugun ne ya tsage, daga ramin noti har gindin hannun hagu, tsawon tafin hannu, mai yana tsatsafowa yana ɗiga a kan laka.

Ya daɗe a tsugune kafin ya kira abokinsa mai walda. Tare suka tashi tun suna yara, kuma mai walda mutum ne da ba ya iya magana ƙasa-ƙasa, shekaru talatin na ƙarar janareto sun cinye masa rabin ji. Ya zo a kan babur, ya leƙa, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da maƙulli.

"Ƙarfen zubi ne," in ji shi. "Ba a yi masa gaggawa. A kwance shi, a hura gawayi a gasa shi sai ya ɗauki zafi ko'ina, a yi masa walda, a binne shi a toka ya huce a hankali. Kwana biyu ka dawo gona."

"Saura wata guda garantinta ya ƙare. Takarda ta ce in hannun waje ya taɓa ta, shi ke nan."

"Ni ne hannun waje? Ni da na liƙe maka keke tun kana ɗan gajeren wando?"

"A takarda dai."

"To takardar ta zo ta yi maka huɗa."

Tsaf ya kira dilan da ya sayar masa da taraktar, suka ce da safe za su turo babbar mota ta ɗauka. Ya kwance garmar ya bar ta a gona, ya lallaɓa taraktar zuwa gida.

A rumfa ya tsaya yana kallonta. Laka har wuya, ciyawa ta nannaɗe a tayoyi, baƙin mai ya ɓata bayanta gaba ɗaya. Haka zai kai ta gaban mutanen kamfani? Ai kallo ɗaya za su yi su ce mutumin nan ba ya kula da kayansa, shi ya karya ta da ganganci. Ya ɗebo ruwa da sabulu. Inda mai ya kama ya bi da kananzir. Ya shiga tsakanin notuna da buroshin haƙori. Da ya gama, tsagar ta fito fili ƙuru-ƙuru, fentin gefenta ya ɓare, ƙarfen ya bayyana tsirara, toka-toka. Ya ɗaga kai ya ga gajimare. Kafin gobe wannan wurin zai fara tsatsa, in kuma suka ga tsatsa za su ce tsohuwar tsaga ce ya ɓoye. Ya buɗe gwangwanin fenti. Ya shafa sau ɗaya, ya jira ya sha iska, ya ƙara na biyu. Sannan ya ja da baya ya duba, ransa ya yi sanyi.

Wajen dilan gaba ɗayansa gilashi ne ta gaba. A ciki akwai sababbin taraktoci uku da leda a kujerunsu, da na'urar sanyaya ɗaki, da tulun ruwan sha wanda ba a taɓa ganin kofi kusa da shi ba. Manaja mutum ne mai fara'a, da tarin maƙullai a ƙugunsa, kuma duk maganar da aka yi masa amsarsa ɗaya ce.

"Babu damuwa, Baba. Babu damuwa ko kaɗan. Mun ma riga mun ɗauki hotonta tun tana kan mota, mun tura wa masana'anta. Haka dokarmu take. Yanzu Injiniya za ta duba."

Injiniyar yarinya ce da ba ta wuce sa'ar babbar 'yar Auta ba, sanye da shuɗin kayan aiki, biro a maƙale a gaban riga, tocila a hannu. Ta gaishe shi da ladabi, ta zagaya bayan taraktar a garejin da ke bayan ginin, ta haska. Ta kai yatsa ta taɓa tsagar, yatsan ya dawo da ja.

"Baba, wa ya taɓa nan?"

"Ba wanda ya taɓa. Ni ne."

Wani bakanike da ke kwance ƙarƙashin wata taraktar ya turo kansa waje don ya ga mai maganar.

"Ina man da ya zuba?" in ji ta.

"Na wanke."

"Da lakar?"

"Haba 'yata, da laka zan kawo muku ita?"

Injiniya ta sa bayan hannu ta shafi goshinta. Ta yi masa bayani a hankali, kamar mai gaya wa mutum rasuwar ɗan uwa na nesa. Masu duba hoton suna can wata ƙasa, ba su san shi ba, ba su san halinsa ba. Abin da suke so su gani shi ne tarakta yadda ta karye, da lakarta da manta da ciyawarta. In suka ga sabon fenti a kan tsaga, ma'anarsa ɗaya ce a wajensu: an yi walda a waje, ta sake ɓallewa, an rufe da fenti an kawo.

"To ku gaya musu ni ne."

"Za mu gaya musu," in ji Manaja. "Babu damuwa."

Ranar Juma'a amsa ta zo. Sun ƙi.

Auta ta biyo shi wannan ranar, ta zauna a kan wata taya a garejin, jakarta a cinya. "Yau kwana shida da ruwan farko," in ji ta, ba da kowa take ba. "Na faɗa ne kawai saboda masu son lissafin kwanaki."

Injiniya ta ce saura hanya ɗaya. A kankare fentin duka, har ƙarfen ya fito, a sake ɗaukar hoto kusa-kusa. Walda tana barin tabo kamar ɗinkin buhu, in babu tabon dole su yarda. Ta kira bakaniken nan ya zo da injin guga. Tsaf ya ga faifan injin, faɗinsa ya kai faranti, ya ga yadda mutumin ke riƙe da shi kamar zai sare itace.

"Dakata," in ji shi. "Ajiye. Ni zan yi."

Aka ba shi wuƙar kankara da takardar guga. Ya cire agogonsa ya ba Auta, ya durƙusa. Kankarar farko da ya yi, sai da ya runtse ido. Bakanikai suka bar aikinsu suka zagaye shi.

"A hankali Baba, kada ta yi kuka."

"Ka ba ta haƙuri tukuna."

"Ku ƙyale shi," in ji Auta. "Wannan ne karo na farko da ya karce wani abu a rayuwarsa. Ko ƙaiƙayi ba ya sosawa, shafawa yake yi."

Bai kula su ba. Awa biyu ya yi, yana bin gefen tsagar kamar mai fere ƙwai, bai wuce faɗin yatsa biyu daga bakinta ba. Da ya gama Injiniya ta haska tocila, ta sunkuya, ta ƙara sunkuyawa, sai ta yi wata 'yar ƙara ta murna wadda ba ta dace da wurin ba.

"Baba, zo ka gani!"

A cikin tsagar, kusa da ramin notin, akwai wani ɗan kogo kamar ƙwayar wake. Iska ce ta maƙale a ciki tun ranar da aka zuba ƙarfen a masana'anta, in ji ta. Daga nan tsagar ta tashi. Ko a kan katifa yake huɗa, wata rana sai ta ɓalle.

"Ba laifina ba ne ke nan?"

"Karyewar dai ba laifinka ba ce."

"Kin ji?" ya ce wa Auta.

"Na ji. Na kuma ji inda ta tsaya."

Ranar Lahadi aka yi ruwa na biyu, ba mai yawa ba, amma Tsaf ya ji kowane ɗigo a kan kwanon rumfar da ba kowa a ciki. Ranar Litinin masana'anta ta yarda, ta ce a ɗauko sabon ƙugu daga babban sito. Bakanikai suka kwance tsohon, suka ajiye shi a kan katako, taraktar ta tsaya da bayanta a buɗe, an rufa mata tsohon buhu. Tsaf yana zuwa kullum da safe ya zauna a benci. Har an saba da shi, mai gadi ya daina tambayarsa wajen wa ya zo.

Ranar Laraba, kwana goma sha ɗaya, akwatin ya iso. Manaja da kansa ya fito garejin, maƙullansa na kaɗawa, ya sa aka ɓalle katakon. Sabon ƙugu ja jawur, a naɗe cikin leda mai maiƙo. Tsaf ya leƙa, hannayensa a baya. Bai taɓa ba.

"Ba nata ba ne," in ji shi.

Manaja ya yi dariya. "Baba, mu ne fa kamfanin."

"Nata noti tara ne. Takwas a fili, ɗaya a can bayan hannun hagu, inda yatsa ba ya shiga sai buroshin haƙori. Wannan takwas gare shi."

Injiniya ta tsuguna ta ƙirga na tsohon da bakin biro. Ta koma ta ƙirga na sabon. Ta miƙe ta je ta kira mai sito. Mai sito ya zo da wani littafi da ya sha hannu har bangonsa ya rabu, ya nuna lambar da ya rubuta, ya rantse ita ce a ciki. Ita ce kuwa. Littafin ne tsoho, na tun kafin a sauya fasalin ƙugun.

"Ina sabon littafin?" in ji Injiniya.

Mai sito ya kalli Manaja. Manaja ya kalli maƙullansa. Ashe guda ɗaya aka aiko, mai kyau, mai sheƙi, Manaja ya kulle shi a durowarsa kada a ɓata shi da baƙin mai.

Wannan dai Tsaf bai ga abin zargi a ciki ba sosai, amma bai faɗa ba.

"Sati biyu," in ji Manaja. "Za mu sake nema. Babu da..." Ya kalli fuskar Tsaf, ya haɗiye sauran.

Daga nan gona Tsaf ya wuce, da ƙafa. Garmar tana nan inda ya bar ta, ciyawa ta fara tsirowa tsakanin faifanta. A sawun tayarsa na makon jiya ruwa ya kwanta, kwaɗi ƙanana suna tsalle. Ya soka sanda a ƙasa, ta shiga ba gardama. Saura kwana ɗaya, uku in an yi sa'a. Sauran taraktocin yankin kuwa duk suna gonakin masu su, wanda ka kira sai ya ce ka jira ya gama tasa.

Ya biya gidan Auta. Ta ba shi ruwa, ta tambayi matarsa, ba ta ƙirga masa kwana ba. Ya duba kusurwar falon, babu buhunan iri. Ta mayar da su ɗakin ajiya, ta sa kujera a wurin. Da zagi ta yi masa da ya fi masa sauƙi.

A ƙofar gidanta ya kira mai walda.

"Gobe da safe," in ji shi. "Ka zo da gawayinka."

"Garantin fa?"

"Ya tafi."

"Me ka ce?"

"Na ce ya tafi!"

"To ai ba sai ka yi mini ihu ba."

Da safe suka isa wajen dilan a ƙaramar motar kaya: janareto, buhun gawayi, rabin ganga, buhun toka, mai walda a gaba, Auta a tsakiya domin ta ce ba za a yi ba ita ba. Manaja ya tare su a bakin garejin. Ya ce mai waldar waje ba ya aiki a cikin harabarsu, doka ce.

"To ku ba ni ƙarfena," in ji Tsaf. "Nawa ne ai."

Ba wanda ya iya musa wannan. Bakanikai huɗu suka ɗora tsohon ƙugun a kan amalanke suka tura shi har waje. Tsaf ya so a ɗora shi a mota a tafi shagon mai walda, amma shagon yana can ƙarshen gari, zuwa da dawowa za su ci rabin yini, ga kuma ƙarfen sai mutum huɗu. Mai walda ya duba dama da hagu. Inuwa ɗaya ce a duk titin, ita ce ta ƙaton allon dilan, mai hoton jar tarakta da wani manomi yana dariya.

"Nan ya yi," in ji shi, ya sauke ganga.

Ya hura wuta. Gawayi kuwa sai ya ruru sosai kafin a ɗora ƙarfe, ba abin minti biyar ba ne. Auta ta shiga ciki, ta ɗauko takardar talla mai kauri daga kan teburin baƙi, ta dawo tana fifita wutar da ita. Tsaf ya tsaya a gefe yana jin kunya kamar ƙasa ta tsage. Bai taɓa yin abu a bakin titi ba.

A nan kuma motocin haya suke tsayawa. Mutum biyu suka matso, suka zama biyar, suka zama goma sha. Wani ya tambaya me ake gasawa.

"Ƙugun tarakta!" in ji mai walda, da muryar da yake zaton ta hira ce. "Wata goma sha ɗaya! Ko shekara ba ta yi ba! Ka ga ramin nan? Iska ce, daga masana'anta!"

"A nan aka saya?"

"A nan! Ga hotonta can sama!"

Wani dattijo mai farar mota, wanda ya zo kallon sababbin taraktoci, ya fasa shiga. Ya zo ya sa tabarau ya leƙa ramin, ya tambayi Auta kwana nawa ke nan. Auta ta gaya masa, tana fifita, har da ranakun ɗaya bayan ɗaya, cikin murya mai daɗi kamar tana ba da labarin tafiya.

Ta cikin gilashi Tsaf ya hango Injiniya ta tsare Manaja tana magana da sauri, tana nuna waje da biro. Daga baya ta gaya masa abin da ta ce. Masana'anta ba ta ba da sabon ƙugu sai an mayar mata da tsohon yadda yake. In ya shiga wuta, sai an rubuta dalili, dalilin kuwa zai kai ga littafin da ke cikin durowa.

Manaja ya fito kusan da gudu, hannu ɗaya a kan maƙullansa.

"Baba! Haba Baba! Ai ba a yi haka da mu ba. Malam, don Allah kada ka ɗora."

"Me ya ce?" in ji mai walda.

"Ya ce kada ka ɗora."

"Saura kaɗan! Bai gama ruruwa ba!"

Tsaf ya ja Manaja gefe, nesa da taron. "Ni ba faɗa na zo yi ba," in ji shi. "Gona ce. Rabi tawa, rabi ta ƙanwata. In ban shiga yau ba, bana babu. Ka nuna mini wata hanya in kashe wutar nan da hannuna."

Manaja ya waiwaya ya kalli sababbin uku da ke cikin gilashi, ya girgiza kai. Waɗannan ko ledarsu ba zai iya cirewa ba.

"Akwai Tsohuwa," in ji Injiniya, wadda ta biyo su.

"Tsohuwa?" in ji Manaja. "Ai abin kunya ce."

"Tana ɗaga garma."

Suka zagaya can bayan garejin, bayan tarin tsofaffin tayoyi. Tsohuwa ita ce taraktar da suke jan kaya da ita a harabar. Ba ta da murfin inji. Fitila ɗaya, ita ma tana kallon ƙasa. Kujerar an ɗaure ta da waya, an ɗora mata kwali. Ba za ka iya cewa ga launinta na asali ba, mai da ƙura sun yi mata riga, wani ma ya rubuta lambar wayarsa a jikinta da yatsa. Tsaf ya zagaya ta sau ɗaya. Auta tana kallon fuskarsa, ta ƙunshe bakinta da gefen mayafi. Ya je baya, ya tsuguna, ya duba ƙugunta. Irin na da ne, mai kauri kamar turmi, ba tsaga ko ta gashi.

"A ba ni maƙulli," in ji shi.

"Ba ta da maƙulli," in ji Injiniya. "Da sukundireba ake tayar da ita. Bari in nuna maka."

Aka mayar da tsohon ƙugun ciki a kan amalanke, taro ya watse ba da son ransa ba. Mai walda ya tsaya a kan gangarsa, wuta ta yi jawur, ba abin ɗorawa.

"Shekara talatin ina sana'ar nan," in ji shi, "ba a taɓa sa ni na hura wuta don a kalla ba."

"Ai ita ta yi aikin," in ji Auta.

"Me ta ce?"

"Ta ce ka iya hura wuta."

"Wannan ai kowa ya sani!"

Kafin rana ta take Tsaf ya shiga gona. Tsohuwa tana tafe tana tari, hayaƙinta yana dawowa daidai fuskarsa, wayar kujerar tana sukarsa a duk juyi. Sitiyarinta sai ka murɗa rabi kafin ta san da ita kake. Amma in ya ja hannu garma ta tashi, in ya saki ta sauka, ƙasa kuma tana kifewa baƙi ƙirin a bayansa. Ya yi huɗa har rana ta faɗi. Washegari ya dawo tun da sassafe. Auta ta sa aka fito da buhunan daga ɗakin ajiya, ta tattaro mata huɗu, suna bin sa da shuka layi bayan layi. Daga can ƙasan gona sai ta ɗaga murya.

"Yaya! Layin nan ya karkace!"

"Ita ce take zaɓar hanyarta!"

Ranar Asabar tun hantsi gabas ta haɗe. Saura ɗan zirin da ke bin bakin rafi, layi bakwai ko takwas. Ya yi uku. A na huɗu iska ta taso, ta kwashe kwalin kujerar daga ƙarƙashinsa lokacin da ya miƙe don ya leƙa baya. A na biyar ɗigon farko ya faɗo a kan injin da ba murfi, ya yi cuu. Ya ji tayar baya ta fara sulɓi, ta juya sau ɗaya a wuri guda kafin ta kama. Ya san wannan juyin. Ya ɗaga garma, ya karya kan Tsohuwa ya nufi tudu, bai tsaya ba sai da ya ji tsakuwa a ƙarƙashinta.

Ruwa ya kece. Matan suka gudu ƙarƙashin bishiya da ƙoƙunansu a ka. Auta ta iso inda yake, jiƙe sharkaf, takalminta ɗaya a hannu, ɗayan laka ta riƙe. Suka tsaya a jikin tayar suna kallon kwarin. Rafi ya riga ya sauya launi.

"Saura layi uku," in ji Tsaf. "Da na samu rabin awa."

"Nawa ne ko naka?"

Ya duba, ya auna da ido daga dutsen iyaka. "Ɓangarenki ne."

"To na bar wa kwaɗi," in ji Auta. "Su ma suna da iyali. Ka tayar da abar nan ka kai ni gida, ƙafata ɗaya ba takalmi."